An bar jaki ana dukan taiki: ba kullum intanet ne ke yanke keken zamani ba

Wata Asabar bayan La'asar maƙwabcina Alhaji ya aiko jikansa ya kira ni. Na tarar da shi a ɗakinsa na baya, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana zaune a kan keken da ba ya zuwa ko'ina, yana hararar kwamfuta kamar ta ci masa bashi.

"Ticha," ya ce, "kai da kake koya wa yara kimiyya, gaya mini wane kamfanin layi ne ba ya ƙarya a ƙasar nan. Na canza biyu, gobe zan canza na uku."

Alhaji ya daɗe yana aiki a arewacin Italiya, a can ya kamu da son tseren keke kamar yadda mutanen can suka kamu. Da ya dawo Kumasi sai likita ya ce masa sukari da hawan jini sun fara leƙo shi, dole ya riƙa motsa jiki. To amma duk wanda ya san hanyar Aboabo da safe, da tirotiro da masu babur, ya san dattijo mai furfura ba zai shiga tsakaninsu da keken tsere ba. Shi ya sa ɗansa ya auno masa wata na'ura ta hannu a cikin kwantena. Ana cire tayar baya ta keke, a ɗora sarƙar a kan na'urar, ita kuma tana zaune daram a ƙasa. Tana auna ƙarfin da ƙafa ke zubawa a kan feda da ma'aunin wat, ta aika wa kwamfuta. Kwamfuta kuma ta mayar mata da umarni: ga hawa, ƙara nauyi, ga gangara, sassauta. A kan allo sai ka ga wani ɗan mutum a kan keke, kai ke nan, kana tafe cikin ayarin mutane daga ƙasashe daban-daban, kowa yana taka nasa a ɗakinsa. Akwai ma waɗanda aka ƙera su a matsayin keke sukutum, irin su Wattbike Atom da KICKR Bike, amma aikin ɗaya ne.

Matsalar Alhaji ita ce yana cikin tafiya sai lambar wat ɗinsa ta faɗi sifiri. Ƙafa na juyawa, gumi na zuba, amma ɗan mutumin da ke kan allo ya saki feda yana rage gudu. Bayan daƙiƙa biyar ko goma sai lambar ta dawo, ayari kuwa ya yi gaba. Wanda bai san abin ba zai ce daƙiƙa goma me ce ce? Manhajojin nan suna kwaikwayon iska irin ta gaske, wanda ke bayan wasu yana samun sauƙi domin sun tare masa ita. Da zarar ka fita daga inuwar ayari, sai ka ninka wahala kafin ka kamo su, galibi ma ba ka kamo su. Alhaji ya kai ga cewa zai sayar da abin ya huta, kuma na san in ya sayar, maganar motsa jiki ta ƙare ke nan.

Abin da na gani a ɗakin nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne mafi yawan masu wannan kuka suna dukan taiki ne sun bar jaki, kuma kamfanonin da ke ƙera kayan suna da kaso a cikin ruɗanin, domin sun sayar wa mutane kalmar "ba waya" kamar wata karama, ba su bayyana musu abin da ke ƙarƙashinta ba.

Ga abin da na fara tambayar Alhaji, kuma shi zan tambayi duk wanda ya kawo mini wannan ƙara: lokacin da abin ya yanke, sauran mahaya suna nan a kan allo ko sun ɓace?

Ya ce, "Suna nan mana, ai su nake kallo suna wuce ni."

Na ce, "To Alhaji, ka sallami kamfanin layi, ba shi da laifi a wannan shari'a."

Dalili kuwa, saƙon yana bin hanyoyi ne daban-daban. Akwai hanya daga keke zuwa kwamfuta, wadda ba ta wuce taku biyu ko uku, kuma babu ruwanta da intanet ko kaɗan. Akwai hanya daga kwamfuta zuwa duniya, wannan ita ce intanet. Idan intanet ya yanke, a manhaja irin su Zwift za ka ga mahayan da ke kewaye da kai sun ɓace, hanya ta zama kai kaɗai, amma wat ɗinka na nan yana nunawa, ɗan mutuminka yana ci gaba da tafiya. Idan kuwa mutane na nan, kai ne ka koma sifiri, to a cikin ɗakinka abin ya lalace. Sai ta uku, wuta: idan fitilar na'urar ta mutu ta sake kamawa, nemi soket. Minti ɗaya na lura ya isa mutum ya raba waɗannan, amma Alhaji ya yi wata biyu yana sayen sim.

Ba shi kaɗai ba ne kuwa. A nan ƙasar an horar da mu, duk abin da ya tsaya a kan allo sai mu ce "netwok ne." Sau da yawa gaskiyarmu ce. Amma sabo ya sa mun daina dubawa.

Tunda mun gano a ɗaki ɓarawon yake, bari in ɗan tsaya a kan wannan taku biyun da ke tsakanin keke da kwamfuta, domin a nan darasin yake. Harsuna biyu kekunan nan ke magana da su. Ɗaya Bluetooth, wanda kowa ya sani a sifika da abin sauraro na kunne. Ɗayan kuma ANT+, wanda wani kamfanin Kanada mai suna Dynastream ya ƙirƙira, Garmin ta saye shi a 2006. Dukansu suna tafiya ne a zangon rediyo na gigahaz 2.4. Wannan zango kamar kasuwar Kejetia yake: ba a neman lasisi kafin a shiga, saboda haka kowa ya shigo da kayansa. Wi-Fi na ciki, linzamin kwamfuta mara waya na ciki, hatta na'urar ɗumama abinci ta maikirowef a kusa da gigahaz 2.45 take aiki.

Bambancin harsunan biyu yana da muhimmanci. Bluetooth irin na kayan motsa jiki ya raba zangon gida 40, yana tsalle daga wannan zuwa wancan, in ya tarar da hayaniya a wani gida ya kauce masa. ANT+ kuwa wuri guda yake zama, a kan megahaz 2457, yana ta cillo saƙonsa kamar sau huɗu a kowace daƙiƙa, wanda ya ji ya ji. Wannan lamba ta 2457 ita ce daidai tsakiyar tasha ta 10 ta Wi-Fi. Kuma da yake kowace tashar Wi-Fi tana da faɗin kusan megahaz 20, na'urar da ke kan tasha ta 11, wadda da yawa ke zaɓa da kansu, ita ma ta lulluɓe wurin. Ka ɗauka mai raɗa ne aka zaunar kusa da mai lasifika.

Yanzu ka ji gyaran gangar Auzinawa. Da Alhaji ya yanke hukuncin cewa intanet ne, sai ya sayo sabuwar ƙaramar na'urar Wi-Fi, irin ta aljihu, ya ajiye ta a jikin kwamfutar, wai don "ta fi kamawa." Tazararta da ɗan filashin ANT+ da ke karɓar saƙon keke ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Wato da kuɗinsa ya sayo mai lasifikar, ya kawo shi bakin kunnen mai sauraro. Da ya ce mini tun da ya sayo ta abin ya ƙara muni, sai da na danne dariya, don dattijo ne.

Ba a nan ta tsaya ba. Ɗan filashin yana soke ne a ramin USB mai shuɗin ciki, wato USB 3.0, kuma a ɗaya ramin na kusa da shi akwai faifan ajiya da yake ɗora hotunan Italiya. Tun 2012 kamfanin Intel ya fitar da bayani cewa USB 3.0 in yana aiki yana fitar da hayaniya da ke shiga zangon 2.4, har ta kan dame ƙananan masu karɓar saƙo da ke kusa. Ga shi kuma ramin yana gefen da ya ba wa keke baya, saƙo sai ya ratsa jikin Alhaji da ƙarfen tebur da kwamfutar kanta kafin ya isa. Jikin ɗan Adam ruwa ne mafi yawansa, ruwa kuwa yana shanye irin wannan saƙo. Shi ya sa sifikarka ke sarƙewa in ka sa wayar a aljihun baya ka juya.

Maganin da muka yi, kunya ma yake ba ni in faɗa saboda arharsa. Kebul ɗin ƙari na USB, mai tsawon mita biyu, na saya a Adum washegari, kuɗinsa bai kai na datar da Alhaji ke ƙonawa a mako ba. Muka soke shi a ramin da ba shuɗi ba, muka ja ɗan filashin har ƙasa kusa da na'urar keken, muka sa shi a 'yar leda saboda gumi. Na'urar Wi-Fi muka mayar da ita kan taga a ɗaya kusurwar, na shiga saitinta na ɗaure ta a tasha ta 1, wadda ke can ƙasan zangon nesa da 2457. Wanda tasa ke da gigahaz 5 ya koma can gaba ɗaya, ya fi.

Amma a kula, ba rana ɗaya muka yi duka ba, kuma wannan ne wurin da na fi yin gardama da Alhaji. Shi so yake a canza komai yanzu-yanzu ya hau. Na ce a'a. Yau kebul kaɗai, ka hau minti talatin, ka rubuta sau nawa ya yanke da ƙarfe nawa. Gobe mu matsar da Wi-Fi. Abin da nake fama da yara a aji ke nan: in ka canza abu biyar a gwaji guda, ko ya yi kyau ba ka san wanne ya gyara ba, ran da ya sake lalacewa ka koma farko. Ya ce na mayar da shi ɗan firamare. Na ce, "Alhaji, ai ɗan firamare ba ya sayen sim uku." Ya yi dariya ya ɗauki biro. Masu amfani da Zwift ma suna da sauƙi, domin manhajar tana ajiye bayanin kowace tafiya a wani fayil, akwai kuma Zwiftalizer da ke karanta shi ya zana maka inda saƙo ya faɗi. Amma takarda da biro sun wadatar.

Kebul ɗin kaɗai ya kashe mafi yawan yankewar. Matsar da Wi-Fi ya kusa ƙarasa sauran.

Masu Bluetooth kada su ce sun tsira, nasu ciwon daban ne. ANT+ kamar mai shela yake, na'ura goma za su iya saurarensa lokaci guda. Bluetooth kuwa riƙe hannu ne, kuma yawancin tsofaffin na'urorin keke hannu ɗaya gare su. Sababbi ne ke karɓar biyu ko uku. Idan wayarka da ke kan gado tana da manhajar kamfanin keken a buɗe a ɓoye, ko ka taɓa haɗa keken ta cikin saitin Bluetooth na wayar maimakon ta cikin manhajar tseren, to tana iya riga kwamfuta cafke hannun. Kai kana nan kana neman keke a allo ba ka gan shi ba, alhali yana hannun wayarka. Mun ga wannan ma ran da jikan Alhaji ya saukar da manhajar a tasa wayar don wasa. Masu Apple TV kuma su sani na'ura biyu kawai yake ɗauka ban da rimot ɗinsa, in ka haɗa keke da ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya, guri ya cika. Kuskure na kusa da wannan shi ne a bar abu biyu suna ba keke umarni, misali ƙaramar kwamfutar kan kan keke da manhajar allo. Ɗaya ta ce hawa, ɗaya ta ce gangara, sai nauyin feda ya riƙa fizga kamar an sa wa keken aljanu.

Sauran ƙanana ne: batirin ɗamarar ƙirji, ɗan mai kama da kwabo, in ya yi sanyi saƙonsa na yankewa, Windows na da saitin tsimin wuta da kan kashe ramin USB in an bar shi, kwamfutar da ta tsufa ko ta yi zafi takan sandare, mutum ya zaci keke ne.

Sai wuta. A nan kam ba ma buƙatar wani ya yi mana lacca, mu da muka sha dumso. Amma ko a ƙasashen da ba a ɗauke wuta abin na faruwa. A watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, Mirinda Carfrae 'yar Ostareliya, wadda ta ci gasar Ironman ta duniya sau uku, tana matsayi na biyu a wani tseren intanet da ake nunawa kai tsaye, sai mijinta ya shigo ɗakin da kofunan da ta ci a baya don ya ƙarfafa mata gwiwa. Garin zagayawa ya yi tuntuɓe da wayar wutar, ya zare ta. Shi ke nan tsere ya wuce ta. Idan zakarar duniya za ta faɗi saboda soket, ina ga Alhaji da ya haɗa keke da fanka da caja uku a kan ekstenshin guda mai sako-sako? Wanda zai sayi irin wannan kaya a ƙasashenmu, ya fara tambaya ko na'urar tana aiki ba tare da wutar gida ba. Akwai masu yi, kamar Tacx Neo, wadda ke samar da wutarta daga takun mahayi. In ba haka ba, ƙaramin UPS na kwamfuta ya shiga lissafin kuɗin tun farko.

Yanzu bari in koma kan kamfanoni, domin ban yarda a ɗora wa mai saye dukan laifi ba. Mutum ya biya kuɗi masu nauyi, sannan in Zwift yake hawa yana biyan kusan dala 20 duk wata tun da suka ƙara farashi a 2024, amma a bar shi ya gano da kansa cewa tashar Wi-Fi ta 11 na taka saƙon kekensa? Wannan bayani ne na layi uku da ya kamata ya zo a shafin farko na takardar cikin kwali. Manhajar ma da ta ga wat ya faɗi sifiri alhali intanet na lafiya, me zai hana ta rubuta wa mutum ƙuru-ƙuru cewa matsalar tsakanin keke da kwamfuta take?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sun san maganin. Na'urar nan nauyi gare ta, ba ta motsi daga inda aka ajiye ta, kuma yawancinsu dama a jone suke da soket. Kwamfuta na nan taku biyu. Wane dalili ne zai sa saƙon da ke tsakaninsu ya bi iska, ya shiga kasuwar da kowa ke ihu? A 2021 Wahoo ta fitar da Direct Connect, wani ɗan akwati da ke haɗa na'urarta da kebul na intanet kai tsaye, amma daban ake sayensa, a kan kusan dala 100. A 2022 kuma ta sa Wi-Fi a cikin sabon KICKR. Wato an sayar maka da rashin waya a matsayin ci gaba, sannan an dawo an sayar maka da wayar a matsayin ƙarin ci gaba. A ganina ramin kebul ya kamata ya zama kamar birki a keke, ba abin da ake ciniki a kansa ba.

Na san abin da za a ce. Wasu a waya ko talabijin suke hawa, ba su da inda za su soke kebul. Wasu kuma shekara da shekaru suna hawa da Bluetooth ko sau ɗaya bai yanke musu ba. Gaskiya ne. Amma wanda ke gida shi kaɗai a bayan gari a Turai, da wanda ke gidan haya mai ɗaki goma sha biyu a zango, kowane ɗaki da wayar da aka kunna wa hotspot, ba iska ɗaya suke shaƙa ba. Wanda ya ƙera kaya don duniya ya kamata ya tuna da na biyun.

Kuma abin ya wuce wasa. Tun Disambar 2020 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, take shirya gasar duniya ta wannan fanni. A karon farko kowa daga inda yake ya taka, a kan Zwift, kuma Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu ce ta ci ta mata. A 2024 gasar ta koma manhajar MyWhoosh, aka tara 'yan wasan ƙarshe a zaure guda a Abu Dhabi. Amma kafin mutum ya kai zauren, daga ɗakinsa zai fara fafatawa. Wannan ita ce ƙofa mafi arha da matashin Afirka mai ƙarfin ƙafa zai iya nuna kansa ba tare da biza ko tikitin jirgi ba, tunda MyWhoosh ma kyauta ce. Idan daƙiƙa goma na yankewa za su fitar da shi daga ayari, to ba ƙafafu kaɗai ake gwadawa ba, har da ɗakuna.

Mai karatu na iya cewa, Ticha, mutum nawa ne a zango ke da wannan keke da za ka cika mana shafi? Kaɗan ne ƙwarai, ni kaina albashina bai kai nan ba, a na Alhaji nake ɗanawa in ya sauka. Amma iskar da ke yanke kekensa ita ce ke sarƙe sifikar walimar makarantarmu duk lokacin da iyaye suka cika fili da wayoyi, kuma a can ma "netwok" ake zagi.

Yau kusan wata huɗu ke nan. Alhaji yana hawa sau huɗu a mako bayan Asuba, ya manne kebul ɗin a ƙasa da salatif don kada jikoki su yi masa irin ta mijin Carfrae. Abin bai warke ɗari bisa ɗari ba. Takardarsa ta nuna yana yankewa kamar sau ɗaya a mako biyu, kuma kusan kullum in ya hau da yamma ne, wajen ƙarfe bakwai, lokacin da 'yan haya suka dawo gida kowa ya kunna abinsa. Na ce masa ko dai ya tsaya a hawan safe, ko mu gwada Bluetooth a irin wannan lokaci mu ga ko tsallensa zai fi jure cunkoson. Ya ce a bari sai Asabar, kuma in zo da biro na, nasa jikan ya ɗauke.